Ƙanwar Rana a Aji Huɗu

Akwai wata magana da kuka daɗe kuna yi a gidan nan, ku 'ya'yana, wadda nake so in gyara tun ina da sauran numfashi. Kuna cewa an zalunce ni a wurin aiki, wai na ƙare ƙuruciyata ina shaƙar ƙurar alli, na yi ritaya ban taɓa zama shugabar makaranta ba don wasu sun danne mini haƙƙi. Zainabu ce kan gaba a wannan waƙa, har na ji tana rera wa surukanta ranar sunan ɗanta. To ku saurara da kyau, babu wanda ya danne ni. An ba ni kujerar, da takarda da hatimi, ni ce na mayar da ita da hannuna. Na yi shiru ne a lokacin don ina jin kunyar abin da ya jawo haka, kuma kun san halin uwarku, ta fi son a ce an cuce ta da a ce ta yi kuskure. Yanzu tsufa ya rage mini kunyar, godiya ce ta fi yawa a raina.

A shekarar da nake magana ina riƙe da aji huɗu a makarantarmu ta nan Gummi. Aji huɗu ajin baƙi ne, domin ƙauyukan da ke kewaye da mu da yawa makarantunsu a aji uku suke tsayawa, sai a turo mana yaran su ƙarasa. Mu malamai ba mu ɗauki wannan a bakin komai ba. A rubuta sunan yaro a rajista, a nuna masa benci, shi ke nan an gama karɓar baƙo. Ni kuma ina da tsarina da nake taƙama da shi. Masu ƙoƙari a gaba, marasa ƙoƙari a baya, ranar ba da hutu kuma in tsaya in karanta sakamako tun daga na ɗaya har na ƙarshe. Idan na zo kan na ƙarshe sai yara su hau dukan benci suna rera "kurar baya, kurar baya." Haka aka yi mana muna yara, haka muka tashi muna yi, kuma na yi imani cewa kunyar nan ce ke sa rago ya tashi tsaye. Yara sun sa mini suna Malama Ba-wasa, ina ji ina yi kamar ban ji ba, alhali daɗi nake ji.

Cikin baƙin shekarar akwai wata yarinya siririya mai suna Luba, wadda iyayenta suka taso daga wani ƙauye a ƙasar Anka, can wajen Bagega. Takardar da ta zo da ita suna ne kawai da aji. Tun makon farko ta fara ba ni haushi. In na kira sunanta sai ta ɗauki lokaci kafin ta ɗago kai, in na yi mata tambaya sai ta zuba mini ido bakinta yana motsi, kafin kalma ta fito na ƙosa na wuce kan wani. Hannunta yana rawa in ta riƙe fensir, rubutunta kamar tafiyar kaza. Ni na ɗauka raini ne da lalaci, na tura ta bencin ƙarshe kusa da tagar da ba ta da murfi. Lokacin tara, wato hutun cin abinci, ina hango ta tsaye ita kaɗai a gindin bishiyar dogon yaro da ƙullin dafaffen rogo a hannu. Sai daga baya na ji cewa zango guda cur yarinyar nan ba ta san inda bayan gida yake ba, tana jin tsoron tambaya, sai ta matse har a tashi.

Ranar ba da hutu na karanta sakamako kamar kullum, Luba ce ta ƙarshe. Yara suka hau dukan benci. Abin da na gani a lokacin shi ne har yau yake hana ni sakewa in na tuna. Yarinyar nan miƙewa ta yi tana murmushi, ta ɗauka tafi ake yi mata. A karo na farko ke nan da na ga haƙoranta. Ta juya hagu ta juya dama tana murna, har kunnenta ya kamo abin da ake rerawa, ta ga yatsun da ake nuna ta da su. Murmushin ya tafi a hankali, yadda komai nata yake tafiya a hankali, ta koma ta zauna. Ba ta yi kuka ba. Ni kuma na naɗe takarduna na ce a tashi lafiya.

Da aka dawo hutu ba ta dawo ba. Mako biyu bencinta babu kowa, sai hedimasta ya ce in je in bincika kafin a soke sunanta. Na tafi bayan la'asar ina ta shirya faɗan da zan yi wa iyayen da ba su san darajar boko ba. Gidan yana bakin gari ta wajen fadama. Na tarar da mahaifinta, Malam Isa, ya dawo daga gonar shinkafa, ƙafafunsa duk laka. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya bar ni na gama zuba, sannan ya yi magana ba tare da ya ɗaga murya ba.

"Malama, ɗiya ukku gare ni sa'adda muka niƙan dutsen zinari cikin gida. Gubad dalma tat tahi da biyu. Wagga ita ɗai Allah Ya bar mani, likitoci kuma sunka ce kanta ba shi komawa awa da. Ban kawo ta don ta zo ta ɗaya ba. Na kawo ta ta zamna cikin 'yan uwanta ɗiya, ta ji ita ma mutum ta. In dariya za a yi mata, gida ma akwai inuwa."

Ya ba ni labarin yadda ƙurar dutsen ta shiga abinci da ruwa ba su sani ba, da yadda aka yi wa yarinyar magani aka kankare ƙasar gidansu, da yadda ya rantse ya bar haƙar zinari ya dawo noma. Ya ce a ƙauyensu malamin ya san ta, yakan jira ta har ta gama magana, kuma ita ce mai buga ƙararrawar makaranta, in ta buga yara su tafa mata. Nan na gane tafin da ta zata ranar nan. Duk wannan yana nan a bakin mutumin da ke tafiyar minti kaɗan daga ajina, ban taɓa tambaya ba. Na roƙe shi gafara, ya ce babu komai, amma ita ce ta ce ba ta komawa, shi kuma ba zai ja ta da igiya ba. Da zan fita na hango idonta ta bayan labule, tana ganina ta sake shi.

A lokacin Inna, kakarku, tana zaune tare da mu. Na same ta a tsakar gida tana tsinke zogale, na zauna na kwashe komai na faɗa mata ina neman a lallashe ni. Ashe na kai kaina gidan faɗa.

"Ku masu boko tsiya gare ku," in ji ta. "Amarya, babbar mace da haƙoranta cike da baki, ba a kai ta gidan miji a juyo, sai an bar mata mai taya ta zama. Amma ɗiya ƙarama ku jehwa ta cikin baƙin huska ku ce ta yi karatu. Da wane cikin za ta yi shi?"

Sai ta ba ni wani labari da ban taɓa ji ba duk zamana da ita. Ta ce tana 'yar shekara bakwai aka kawo ta daga Bukkuyum riƙo wurin gwaggonta a nan Gummi, ta yi wata guda ba ta cin abincin kirki, ko rijiya ba ta yarda ta je. Rannan sai wata budurwar unguwa ta aiko da ƙullin lalle da goro, tana neman a ba ta ita ƙanwar rana. Ku yaran yanzu ba ku san wannan ba. A da, yarinya babba takan ga ƙarama ta kwanta mata a rai, sai ta aika da 'yar kyauta wurin uwarta. In an karɓa, ta zama yayarta ta rana. Ita za ta yi mata kitso da lalle, ta nuna mata hanyar kasuwa da ta rafi, ta tsaya mata in an taɓa ta, ƙaramar kuma ta riƙa yi mata 'yan aike. Inna ta ce zumuncinta da wannan baiwar Allah bai yanke ba sai da ƙasa ta raba su.

Washegari na shiga aji biyar da ƙarfina, na raba allo biyu, na jera sunayen 'yan matan ajin a gefe guda, na baƙin aji huɗu a ɗaya gefen, na ja layi na haɗa kowace da tata kamar jadawalin shara. Na dawo gida ina ba Inna labari da alfahari. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Da alli aka ƙulla zumunci? Ba a rabon ƙanwar rana awa naman Sallah. Wadda ranta yas so, ita ka aikawa."

Na koma na goge allon. Da izinin hedimasta na ɗauko Inna da sandarta na kai ta makaranta, ta zauna a kujerata ta ba 'yan aji biyar labarinta da bakinta, ta fi ni iya riƙe aji nesa ba kusa ba. Daga nan muka zuba ido. Cikin kwana huɗu an nemi baƙi da dama, masu fara'a da masu ƙoƙari su aka fara ɗauka, har maza suka ce su ma sai an bar su su yi ƙannen rana. Babu wadda ta ambaci Luba. A rana ta biyar sai ga Jummala a ƙofar ajina. Jummala 'yar masunta ce daga bakin gulbi, doguwa, mai murya kamar ta mai shela, ta maimaita aji uku, kuma ban taɓa dukan ɗaliba kamar yadda na dake ta ba. Yara sukan tsokane ta da ƙarnin kifi, ita kuma ta rama da hannu. Ta miƙo mini ƙullin lalle da bandar kifi guda biyu a takarda.

"Malama, ni ka son Luba. Bencin baya na san shi, ni ma sau biyu anka buga mani."

Wallahi saura kaɗan in ce a'a, don a ganina fitinanniya za ta lalata marar lafiya. Allah Ya riƙe mini baki, kuma cikin abubuwan da nake gode masa har da wannan shirun. A al'ada mai nema ba ta kai kyauta da kanta, sai ta sami ɗan aike, Jummala kuma ba ta ga wanda ya dace ba sai ni. Haka Malama Ba-wasa ta ratsa gari da kifin ɗalibarta a jaka, kuliyoyin unguwa suna bin ta. Mahaifiyar Luba ta kwance ƙullin lallen, ta daɗe tana kallonsa, ta ce rabonta da ganin an yi wannan tun tana yarinya, sai hawaye. Luba ta fito daga bayan labule ta tsuguna tana shinshina lallen. Malam Isa ya raka ni har bakin hanya, a nan ya ɗora mini kayan da ban san nauyinsu ba sai daga baya.

"Ba makaranta ni ba amana ba, Malama, ke ni ba. Ran da kinka bar wurin, ɗiyata ta dawo gida."

Na ce na ɗauka, har ta gama aji shida. Na faɗa ne da sauƙi, kamar mai amsa sallama.

Ranar Litinin suka shigo tare, tafin hannuwansu jawur. Jummala ta zagaya da ita ko'ina, ta nuna mata bayan gida da famfo, da mai ƙosan da ke yin gyara, da malamin da ba a yi wa wargi. A makon farko ta kayar da wani yaro da ya kwaikwayi maganar Luba, na hukunta ta a gaban jama'a, a raina kuwa ina sa mata albarka. Na roƙi hedimasta ya ba Luba ƙararrawa, ya ba ta. Na wargaza zaman gaba da baya, na daina karanta sakamako a fili, kowa ya karɓi katinsa a hannu. Wasu iyaye sun zo suna ƙorafi wai an hana a ji ɗansu ne na ɗaya, wasu malamai suka ce tsufa ya fara sanyaya ni. Abu mafi wuya shi ne gyaran kaina. Na koyi in yi wa Luba tambaya sannan in ƙirga har goma a zuciyata kafin in buɗe baki. Sau da yawa amsar takan iso a bakwai ko takwas, kuma daidai. Da na gwada wa sauran 'yan bencin baya, sai na tarar ashe shekara da shekaru ina wuce amsoshi a hanya.

Ana cikin zango na uku takardar ta zo. An naɗa ni shugabar wata makaranta a wani gari da ke kan hanyar Bukkuyum, in kama aiki farkon sabuwar shekara. Babanku, Allah Ya jiƙansa, har zakara ya yanka. Zainabu kuwa kafin magariba ta gama sanar da unguwa. Ni na sa takardar a ƙarƙashin katifa, kwana uku ina juya magana. Na ce wa kaina ai Jummala tana nan. Amma Jummala za ta riga Luba fita da shekara guda, kuma malamin aji biyar har lokacin ana buga benci a ajinsa. Na kuma san Malam Isa, mutumin da ya binne 'ya'ya biyu ba ya faɗin magana don a yi ciniki. Da na gaya wa babanku abin da ke raina, ya ajiye cokali.

"Shekara nawa kina jiran wagga takarda? Ohis ba ya kiran mutum sau biyu. Ɗiyar wani za ta hana ki abin da kinka wahala dominai?"

Ba mugunta ce ta sa shi faɗa ba, shi ya ga irin tashin asubar da na yi. Na juya wurin Inna ko za ta raba gardama, ta ce ita ba ta karanta takardar ba, abin da ta sani kawai alkawari kaya ne, wanda ya ɗauka shi ke sauke shi inda ya ce. Na je ofishin ilimi na mayar da takardar, na roƙi a bar ni in bi ajina zuwa biyar da shida. Jami'in ya cire tabarau ya dube ni, ya tambaya ko lafiyata ƙalau, sannan ya ce in sani ba lallai dama ta sake zagayowa ba. Ba ta kuwa sake ba. Ba zan yi muku ƙarya in ce bai yi mini ciwo ba. Yaran da na koya wa riƙe alli sun zo sun zama shugabannina, ina miƙewa in gaishe su, wani lokaci in dawo gida abinci ya ƙi shiga. Babanku ya yi kwana biyu yana amsa gaisuwata da ka. Da dangi suka dame shi da tambaya sai ya ce an yi mini ƙafar ungulu a ofis, don ya rufa mini asiri kada a ce matarsa ta zare, ni kuma na bar maganar a haka. Asalin waƙarku ke nan. A rana ta uku sai ga shi a makaranta da guduma da katako, ya sa wa tagar nan ta baya murfi, ya tafi abinsa.

Luba ba ta taɓa shiga cikin na gaba-gaba ba, kada ku zata labarin zai ƙare da ta zama likita. Da Jummala ta wuce sakandare, Luba ta yi kusan mako guda tana komawa gindin dogon yaro, hankalina ya tashi. Amma wannan karon 'yan ajinta ne suka je suka zauna da ita, ba wanda ya aike su. Ta gama aji shida tana karatu a hankali, tana rubuta wasiƙa da hannunta mai rawa, ta kuma sami gurbi a ƙaramar sakandare ta cikin gari. Inna ba ta ga wannan ba, ta rasu muna aji biyar, Luba da Jummala suna cikin waɗanda suka yi ta ɗebo ruwa a gidan nan kwanakin zaman makoki. Ina gode wa Allah da Ya ba ni uwa mai faɗa, da miji mai guduma, da ɗalibar da na fi duka wadda ta fi ni sanin abin da yaro ke bukata. Har yau a makarantar nan ana aika lalle farkon shekara, yawancin masu yi ba su san daga inda abin ya faro ba.

Ranar da Luba za ta fara sakandare na nemi izini, na yafa mayafina mai kyau, na tafi gidansu da sassafe don in raka ta. A raina na ce sabon wuri ne, sababbin fuskoki, ba za a maimaita kuskurena ba ina raye. Malam Isa ya tare ni a zaure, ya ce amana ta isa inda aka ce, Allah Ya biya. Sai ga Luba ta fito cikin sabon yunifom, hannuwanta jawur da lalle, tana riƙe da wata 'yar ƙaramar yarinya mai ido tsuru-tsuru, ita ma da jan hannu. Mahaifiyarta ta ce 'yar wasu baƙi ce da rashin zaman lafiya ya taso daga wajen Gwashi, yau za ta shiga aji huɗu a makarantarmu. Luba ce ta gan ta a bakin famfo, ta aika da lalle da kanta. Za ta fara kai ta ta nuna mata wurare, sannan ta wuce, Jummala tana jiran ta a ƙofar sakandare. Na ce to mu tafi in raka ku. Ta ɗago kai a hankali, bakinta ya yi motsin nan da na sani, na jira.

"Malama, ki koma. Ɗiyan ajinki na jiran ki. Na san hanya."

Na ƙirga har goma a zuciyata kamar yadda na saba, amma wannan karon ni ce amsa ba ta zo wa ba. Na tsaya a ƙofar zauren mutane da mayafina mai kyau, ina kallon su har suka sha kwana, babbar tana rage sauri don ƙaramar ta cim mata.